Ranar da Mataimaki Ya Juyo

An yi wata ƙasa ta dabbobi mai suna Kwarin Malmo, wadda ba ta da sarki. Shugaba suke zaɓa duk bayan damina huɗu, kuma tare da shugaban sukan zaɓi mataimaki.

A shekarar da wannan abu ya faru, Ɓauna ce shugaba. Tsohuwa ce mai nauyin baki, ba ta fitar da magana sai ta tauna ta sau biyu kamar ciyawa.

Mataimakinta Gwanki ne, sabon zaɓe. Duk kwarin babu mai kyawun fuskarsa. Baƙi da fari sun raba ta kamar an zauna an zana, ga ƙahoni biyu sun lanƙwasa baya. Ya kuma san da haka.

Ta ukunsu Beguwa ce, mai riƙe da tarihin ƙasa a ka. Ba ta mantuwa, ba ta kuma sassauta wa kowa harshe.

Al'adar ƙasar ita ce, idan shugaba ya fito daga masu kiwo a fadama, mataimaki sai ya fito daga masu kiwo a tudu. Ta wannan ƙofa Gwanki ya shigo. Dabbobin tudu sun duba cikinsu, suka ɗauko wanda ya fi cika ido.

Sau ɗaya a shekara, a ƙarshen bazara, kowa da kowa yakan taru a tsakiyar kogi. A lokacin kogin ya ƙafe, ba komai cikinsa sai farin rairayi mai faɗin gaske. A nan ake raba makiyaya da mashaya na damina mai zuwa. Sun zaɓi rairayi ne domin a cikin ciyawa manya kaɗai ake gani, amma a kan rairayi ko bushiya ce ta ɗaga hanci, shugaba zai gan ta.

Sai dai wurin yana da haɗari guda. Can gabas, tafiyar kwana uku, akwai duwatsu, kuma ruwan sama yakan sauka a can kafin ya sauka a kwari. Sai a ga sama fes, rana tana dukan ƙasa, ga ruwa ya taho ta cikin busasshen kogi. Kogin kuwa ya yi gwiwa dab da wurin taro, don haka wanda ke kan rairayi ba ya ganin abin da ke tafe.

A kan gwiwar nan akwai wani dogon dutse. Aikin mataimaki shi ne, ranar taro ya hau dutsen tun kafin kowa ya iso, ya ba jama'a baya, ya dubi gabas har a watse. In ya hango ruwa, ya yi kuka.

Gwanki ya san wannan kamar yadda kowa ya sani. Abin da bai taɓa tsayawa ya auna ba shi ne, bana bayan da za a kalla nasa ne.

Ana gobe taro, da sassafe, Beguwa ta same shi yana kiwo.

"Mataimaki, bar ciyawar nan mu hau. Doka ce a nuna maka wurin tsayuwarka."

"Iya, dutse ne fa. Na san dutse."

"Daga ƙasa ka san shi. Wuce gaba, kada ka bi bayana. Ƙayata ba ta san mai muƙami ba."

Suka hau. Gwanki yana tsalle daga wannan falalen dutse zuwa wancan, Beguwa tana biye tana haki tana mita. Da ya kai sama sai ya tsaya cak.

Kogin ya miƙe gabas kamar farar hanya, ya yi ta tafiya har inda ido ya gaza. Can ƙarshen duniya duwatsu sun yi shuɗi-shuɗi. Ba a jin komai sai iska. Gwanki ya girma a tudu, amma bai taɓa tsayawa inda ya ga ƙasa da yawa haka a lokaci guda ba.

Da ya sunkuyar da kai sai ya ga saman dutsen cike yake da ramuka a jere, manya da ƙanana, sumul kamar cikin ƙwarya.

"Wa ya fafe dutse haka?"

"Tsayuwa," in ji Beguwa.

"Haba Iya. Yini ɗaya a shekara ba zai fafe dutse ba."

"Wa ya ce maka yini ɗaya? Yini ɗaya doka ta ce. Amma wanda ya taɓa tsayawa a nan, ya tuna cewa duk bazara akwai masu tonon ruwa a rairayi, sai ka ga gobe ya dawo ba wanda ya aiko shi. Goma sha uku ne suka riga ka. Zo ka gaishe su."

Ta taka zuwa farkon jerin, inda wasu ramuka huɗu suke nesa da juna, kowanne kamar akushi.

"Wannan Raƙumin Dawa ne, na farko. Kafin shi babu mataimaki, shugaba ne kawai. Wata shekara ana tsakiyar rabon mashaya ruwa ya shigo, ya tafi da ɗaya cikin kowane uku. Da shekara ta zagayo babu wanda ya yarda ya taka rairayi. Sai Raƙumin Dawa ya ce, 'Ku sauka, ni zan duba muku.' Shekara goma sha biyu ya yi a nan. Sau ɗaya ya ga ruwa, kuma a ranar ko jelar wani ba ta jiƙe ba."

"Shi ai dogo ne," in ji Gwanki. "Don leƙe aka halicce shi."

"To ga gajeriya."

Ta nuna wasu ramuka da ba su fi ɓawon gyaɗa ba.

"Gada ce, ta biyar. A shekararta ta farko guguwa ta taso a cikin kogi, ta ɗauka ruwa ne, ta yi kuka. Jama'a suka watse, shugaba ya tuntsura a gaɓa ƙafafu sama, ga shi babu ruwa. Shekara guda ana mata dariya. Ko zomaye in sun gan ta sai su ce, 'Ruwa, ruwa,' su kwasa da gudu. Da aka sake taro ta sake hawa, ta sake hango wani abu yana motsi can nesa. Ba ta tsaya tuna dariya ba, ta yi kuka. Suka gudu suna zaginta. Suna hawa gaɓa, ruwa yana isowa."

Gwanki ya matsa gaba, ya tsaya a kan wasu ramuka guda biyu kacal.

"Mai ƙafa biyu kuma?"

"Jimina. Ita da shugabanta, wani Gwambaza, mai ƙahon nan na bakin ruwa, sun yi shekara uku ba sa gaisawa. Ta zage shi a tudu, ya zage ta a fadama. Amma ranar taro ba ta taɓa makara ba. Aka ce mata, 'Ke da kike ƙinsa, don me kike tsaronsa?' Ta ce ita ba shi take tsaro ba, shi dai ya faɗo cikin waɗanda ke bayanta ne."

Bayan ramukan Jimina akwai fili sumul, babu ko ƙwarzane.

"Nan fa, me ya sa babu komai?"

"Da gangan aka bar shi, don a riƙa tambaya kamar yadda ka tambaya. Shekarun kuraye ne. Sun ƙwace mulki, suka ce mai haƙori ba ya bukatar wanda zai duba masa. Shekara bakwai dutsen nan babu kowa, mu ma muka daina sauka. A ta bakwai suka kira taro a rairayi, ba wanda ya je sai su kaɗai. Mu ba mu kore su ba, ɗan nan. Kogi ne ya kore su."

Kusa da ƙarshen jerin akwai wasu ramuka huɗu da suka fi kowanne zurfi. Gwanki ya daɗe yana dubansu.

"Wannan ya ga ruwa sau nawa?"

"Kanki ne. Shekara takwas ya yi, bai ga ruwa ko sau ɗaya ba. Bai taɓa kuka ba, har ya sauka babu wanda ya san muryarsa. Bayan ya tsufa ya je mashaya wata rana, aka hana shi wuri, aka ce baƙo ne. Bai yi gardama ba, ya juya zai tafi. Da suka ga bayansa sai mashaya ta yi tsit. Manya da ƙanana suka ja gefe, aka bar masa ruwan shi kaɗai."

Gwanki ya ɗaga ƙafa a hankali ya sa a cikin ramin Kanki. Ramin ya haɗiye kofatonsa gaba ɗaya. Ya ji kamar ba su biyu kaɗai ne a kan dutsen ba. Ya yi sauri ya zare ƙafar.

"Iya, a cikinsu nawa ne suka zama shugabanni?"

"Uku."

"Uku," ya maimaita, ya ɗan ɗaga kai.

"Na san ita za ka riƙe. Duk abin da na faɗa tun safe, ita kaɗai ta sami ƙofar shiga."

"To faɗa mini gaskiya. Tun da aka fara hawa dutsen nan, sau nawa ruwa ya zo ranar taro?"

"Sau huɗu, a shekara saba'in."

"Wato sittin da shida a banza aka tsaya."

"Je ka faɗa wa waɗanda suka raba mashayarsu hankali kwance a sittin da shidan nan cewa a banza ne. Yanzu buɗe ido. Ka ga giginyar can, ita kaɗai a tsakiyar kogi?"

"Na gan ta."

"In ka hango ruwa tun yana wajen giginya, kunkuru zai tashi daga tsakiyar rairayi ya hau gaɓa, har ya sami lokacin numfasawa. An gwada, da kunkuru na gaske. In ruwa ya wuce giginya kafin ka yi kuka, masu dogayen ƙafafu kaɗai ka ceta. Aikin ke nan gaba ɗaya. Sauko mu tafi, rana ta fara cin bayana."

Da la'asar Gwanki ya sami Ɓauna kwance a inuwar malmo tana tuƙa.

"Ranki ya daɗe, na zo da shawara."

"Ina ji."

"Jama'ar tudu sun zaɓe ni ne don su gan ni kusa da ke. Me zai hana gobe in tsaya a damanki, a ɗora wani gwaggon biri a kan dutse? Su ai hawa sana'arsu ce."

Ɓauna ta yi ta tuƙa har Gwanki ya zaci ta manta da shi.

"Gwaggon birin wa ya zaɓe shi?"

"Ba a zaɓe shi ba, amma yana da ido."

"Kowa yana da ido. Idan wanda ba a zaɓa ba ya yi kuka, sai an tsaya ana tambayar wane ne, ɗan gidan wa, ko wasa yake yi. Kafin a gama tambaya ruwa ya iso. Kai kuwa in ka yi kuka, fadama da tudu za su ruga tare, don duk sun yarda da kai ranar zaɓe."

"To ni ke nan shekara huɗu ba za a ga fuskata ba?"

"Ni ina ganinta, ga ta nan. Kyakkyawa ce. Ka hau da wuri."

Ya kuwa hau da wuri. Gari na wayewa yana kan dutse, a ƙarshen jeri, kusa da ramukan na goma sha uku, fuskarsa tana gabas.

Da hantsi ya fara jin su. Da farko takun kofato ne jefi-jefi, daga baya ya zama wani irin amo mai kauri, kamar ƙasa ce da kanta take numfashi a bayansa. Bai ga ko ɗaya ba. Gabansa farin rairayi ne, da giginya tana rawa a cikin zafi.

Ya ji muryar Ɓauna ta buɗe taro. Ya ji barewa da maraya, 'yar uwarta ta fadama, suna jayayya a kan wata mashaya. Wani ya faɗi wani abu, dubban bakuna suka kwashe da dariya, shi kuwa bai ji abin da aka faɗa ba. Ɓauna ta yanke hukunci, aka yi guɗa.

Rana ta take. Ƙuda suka dame shi. Gabas ba ta canza ba.

Can sai ya ji wata murya ta 'yan tudu ta ce, "Ga namu can a sama."

Wata ta fadama ta amsa, "Ina ka san naku ne? Baya dai baya ne. Kanki ma haka yake."

Aka yi dariya. Wannan karon ya ji abin da aka faɗa sarai.

Ya ƙara duban gabas. Babu girgije ko ɗaya. Rairayi fari fat tun daga gindin dutse har giginya, har bayan giginya.

"Sittin da shida cikin saba'in," ya ce a ransa. "Kallo ɗaya zan yi."

Ya juyo.

Bai taɓa sanin ƙasarsu ta kai haka ba. Rairayi ya cika daga gaɓa zuwa gaɓa. Ga giwaye a baya kamar rumbuna, ga ƙahoni dubu-dubu suna walƙiya a rana, ga ƙanana a gaba sun yi layi kamar an shuka su. Ya tsaya baki buɗe.

Wata barewa ce ta fara ɗaga kai. Ta zunguri ta kusa da ita. A hankali kawuna suka yi ta juyowa, kamar iska ta bi ta kan gonar gero, har taron duka ya bar duban Ɓauna ya koma duban dutse. Wuri ya yi shiru. Shekara saba'in ba a taɓa ganin fuska a kan dutsen nan ba, ga kuma rana ta faɗo daidai kan baƙi da farin nan.

"Kai, dubi halitta," in ji wani a hankali.

Maganar ta shige shi kamar ruwan sanyi. Ya yi niyyar komawa. A maimakon haka sai ya ji ya gyara murya.

"Jama'ar Kwarin Malmo, na fadama da na tudu, ina gaishe ku."

Daga sahun gaba muryar Beguwa ta taso. "Juya, ɗan nan."

"Iya, gaisuwa kawai nake yi."

"Gaishe mu da jela, ita muka zaɓa. Juya."

Aka yi dariya. Gwanki ma ya yi.

Ɓauna ta ɗaga kai. Wannan karon ba ta tauna maganar ba. "Mataimaki, wa yake duban gabas yanzu?"

"Ranki ya daɗe, gabas tana nan inda na bar ta."

Dariyar da aka yi ta fi ta ɗazu. 'Yan tudu suka buga kofato a ƙasa. Gwanki ya ga dubban idanu a kansa, kowanne yana jiran abin da zai ƙara, sai ya ƙara. Ya yi magana a kan ciyawar tudu da yadda ake raina ta. Ya yi magana a kan kakansa, wanda ya taɓa tsere wa zaki. Beguwa tana ta cewa juya, amma guɗa ta danne muryarta.

Yana tsakiyar labarin zakin ne ya ji wata iska mai sanyi ta taɓa ƙafafunsa na baya. Ta zo da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da ɗanyen ganye. Dutsen ya fara wani irin kaɗawa a ƙarƙashin kofatonsa.

Ya juya.

Giginya babu ita, sai tukkunta. Ruwa ya riga ya wuce ta, ya cika kogi gaɓa da gaɓa, jajawur da laka. Goshinsa a tsaye yake kamar katanga. Yana turo manyan itatuwa, saiwoyinsu a sama, suna juyawa a hankali kamar ba su da nauyi. A bisa duk wannan, sama tana nan fes, rana tana haskawa kamar babu abin da ke faruwa. Gwanki bai taɓa ganin abu mai girma haka yana tafiya ba.

Sannan ya yi kuka.

Babu wanda ya tsaya tambaya. Fadama da tudu suka ruga tare, kamar yadda Ɓauna ta faɗa. Barewa da maraya da jimina sun kai gaɓa kafin ya rufe baki. Amma a tsakiyar rairayi an bar kunkuru da bushiya da Beguwa, da masu sababbin haihuwa waɗanda 'ya'yansu ba su iya gudu ba tukuna.

Ruwan ya daki dutsen gwiwa, goshinsa ya karye. Abin da ya fara isa rairayi bai wuce gwiwar ɓauna ba, amma kowane numfashi ƙaruwa yake.

Ɓauna ba ta nufi gaɓa ba. Ta taka zuwa wajen da ruwan yake fitowa, ta gitta jikinta a gaban ƙananan, ta kafa kofato a ƙasa. Ruwa ya dake ta ya rabu biyu. A bayan jikinta aka sami ɗan wuri mai kwanciya.

"Ku matso jikina," ta ce. "In na taka, ku taka."

Ta fara tafiya a kaikaice, taki ɗaya bayan ɗaya, su kuma suna iyo a gefenta. Wani kututture ya dake ta a haƙarƙari, ba ta gusa ba. Wani ya sake zuwa. Ruwa ya kai mata ciki, ya kai kafaɗa.

Gwanki yana ganin komai, domin daga kan dutsen nan babu abin da ke ɓoyuwa. Ya nemi hanyar sauka, ya tarar ruwa ya kewaye dutsen. Duk ƙasar babu wanda ya fi shi tsira a ranar.

Ɓauna ta kai su bakin gaɓa. Iyaye suka yi ta fizgo 'ya'yansu. Beguwa ta kama saiwa ta haye. Saura wani tsohon kunkuru da ya kasa kama komai. Ɓauna ta sa hanci ta tura shi sama. Yana dira a kan tudu, wata itaciya sukutum ta fito daga gwiwar kogi ta same ta a gefe.

An ga ƙahonta sau ɗaya, can ƙasa. Ba a ƙara ganinsu ba.

Tara aka rasa a ranar, har da ita.

Sai bayan kwana biyu ruwa ya janye daga gindin dutse. Gwanki ya sauko yana jiran a tunkuye shi ko a zage shi. Babu wanda ya yi ko ɗaya. Beguwa ce kaɗai a wurin, da busasshiyar laka a ƙayoyinta.

"Ranka ya daɗe," ta ce.

Ya ja da baya kamar an soke shi. "Iya, kada ki kira ni haka."

"Ba ni na kira ka ba, doka ce. Shugaba ta rasu, mataimaki ya hau. Kai ne na huɗu."

"Ba na so. A kore ni. Ko a mayar da ni kan dutse in tsaya har kofatona su ƙare."

"Dutse ba wurin horo ba ne, ba a kai masu laifi can. Kuma dokar da ta ba ka shugabanci ita ce ta ce dutse zai zauna babu kowa har zaɓe mai zuwa, don mataimaki ba naɗa shi ake yi ba, zaɓarsa ake yi. Saura damina huɗu."

"To wa zai duba gabas?"

Beguwa ta dube shi. "Yau ka tambaya," ta ce, ta wuce.

Da bazara ta zagayo, Gwanki ya kira taro. Ya zo da wuri ya tsaya a inda Ɓauna take tsayawa, a kan faffaɗan rairayi. Jama'a suka zo, amma ba su tsaya a gabansa ba. Suka wuce shi, suka wuce dutse, suka zagaya gwiwar kogi, suka cunkushe a wani matsattsen wuri mai tsakuwa inda kowa zai iya hango giginya da idonsa in ya miƙa wuya.

Gwanki ya bi su. Da ya zagayo gwiwar sai ya tsaya. Ƙasar ce gaba ɗaya a gabansa, dubu-dubu, manya da ƙanana, kuma kowa ya dubi gabas. Babu fuska ko ɗaya. Jela ce, da ƙugu, da ƙeya, har iyakar ganinsa.

Ya gyara murya. "Jama'a, za mu fara da mashayar tudu."

Ba wanda ya juyo.

"Muna ji," in ji wata murya daga cikin taron. "Ci gaba."

Ya ci gaba. Aka yi rabon da kunne ɗaya, don ɗayan yana sauraron kogi. Bushiya ta ɗaga hanci sau uku, ba wanda ya gan ta a bayan giwaye. Ganye ya faɗo, rabin taro ya zabura. Babu wanda ya yi dariya tun daga hantsi har aka tashi.

Ana dab da watsewa ya gane Beguwa a gefe, ta ƙayoyinta. Ya matsa kusa da ita, ya sassauta murya.

"Iya, ko ke ba za ki juyo ba?"

"Ina kan aiki, ranka ya daɗe. Yi maganarka."

A damina huɗun nan ruwa bai zo ranar taro ba ko sau ɗaya. Gwanki ya yi mulki, kuma waɗanda suka san tarihi sun ce bai yi zalunci ba. Amma har ya sauka, ƙasar da ya so ta kalle shi ba ta ƙara duban fuskarsa ba.

Darasin da wannan labari ya bar mana shi ne, akwai muƙamin da aka yi shi don jama'a su sami natsuwa, ba don a ga mai riƙe da shi ba. Mai irin wannan aiki yana iya shekara da shekaru bai ga ranar da za a bukace shi ba, kuma wannan ba ya nufin a banza ya tsaya, domin saboda tsayuwarsa ne sauran suka iya duban juna suka yi abin da ya tara su. Idan aka ba ka wuri na biyu, ka tambayi abin da aka ce ka tsare, ka kafa ido a kansa. Wanda ya bar abin da aka ba shi tsaro don a yaba masa, zai iya samun kujerar da yake kwaɗayi, amma yardar da ya zubar ba ta cikin abin da ake gadarwa tare da kujerar.